Ni Ce Bakin Auta

Ƙanena mai sa tayil ne, kuma duk wanda ya taɓa ba shi aiki ya san ba a yi masa gaggawa. Sai ya zagaya ɗaki sau uku, hannu a baya, kafin ya kwance jakar kayan aikinsa. Ya ja zare daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya kwantar da kunci a ƙasa yana leƙen inda daɓe ya yi tudu da inda ya yi kwari. In ya gama shimfiɗawa, washegari zai dawo da 'yar gudumarsa ta roba yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ji ya yi ƙarar kogo, ko mai gida ya ce a bar shi haka, sai ya ɓamɓare ya sake. Mu a gida Auta muke ce masa, har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ni ce babba, na ba shi shekara tara.

Da in'ina ya tashi. Yana ƙarami, kafin ya haɗa kalma uku mai sauraro ya gaji ya juya baya. Ni kuwa Allah ya hore mini baki, kuma ban taɓa yi masa rowar shi ba. In aka aike shi shago, ni ke bin bayansa in faɗi abin da aka ce ya sayo. In malami ya kira iyaye, ni ke zuwa in yi bayani. Ranar da ya je gaishe da iyayen yarinyar da yake so ma, ni na yi kashi tara cikin goma na maganar, shi yana kallon yatsun ƙafarsa. Da ya girma in'inar ta ragu ƙwarai, sai dai ta bar masa ɗabi'a ɗaya. In aka tambaye shi abu, sai ya ja dogon numfashi tukuna, ya jera kalmomin a ransa yadda yake jera tayil. Ni kuwa kafin ya sauke numfashin nan na riga na ba da amsa har na ƙara da bayani.

Shekara tara da suka wuce matarsa ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. A jinyarta aka gano tana da ƙanjamau, aka gwada shi aka samu, aka gwada 'yarsu Allah ya tsare ta. Ban tambaye shi daga ina ba, har yau ban tambaya ba. Na ɗauko yarinyar na haɗa da nawa, na kuma ja hannunsa zuwa asibiti.

Asibitin na da ƙa'ida. Duk wanda za a ɗora a kan magani sai ya kawo mutum ɗaya da zai tsaya masa, mai tuna masa lokacin sha da ranar dawowa. Ba a ma gama bayanin ba na miƙa lambar wayata. Tun daga ranar, duk wata uku nakan rufe shagona na robobi da kwanuka, mu je tare. Na san benci na uku daga ƙofa shi ne ba ya girgiɗi. Na san sikelin wurin yana ƙara rabin kilo. Kowace safiya ƙarfe takwas nakan kira shi in ce, "Ka sha?" ya ce, "Na sha, Yaya," in kashe waya in ci gaba da jera bokitai. Shekara da shekaru in aka ɗebi jininsa sai a ce cutar ta kwanta, ba a ma ganinta a awo. Ina fita daga ɗakin likita ina ɗaga kai kamar ni na haɗa maganin.

Nas ɗin da ke duba fayil ɗinsa dattijuwa ce mai fara'a, mun saba har takan tambaye ni ko an kawo sababbin kuloli. Wajen shekara uku da suka wuce aka ƙaro musu wata takarda cikin fayil, ta tambayoyi, wadda za a riƙa yi wa kowa duk wata shida. Ranar farko ta gyara tabarau tana karantawa da sauri-sauri, kamar mai tsallake kwata. A cikin wata ukun da suka wuce ka sha sigari? Ka sha giya? Ka sha wani abu mai sa maye? Ka sha ƙwayar da ba likita ne ya rubuta maka ba?

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Haba Sista, dubi bawan Allahn nan. Wannan ko shayi ya yi kauri ba ya iya sha. Ki sa a'a daga sama har ƙasa."

Ta yi dariya, ta ce ita ma ta sani, dole ce aka ɗora musu. Ta ja biro ta jera a'a ɗin, muka koma zancen kuloli. Auta yana zaune a gefena, hularsa a gwiwa. Haka aka yi sau biyar, duk wata shida, ni da ita muna cike takardar, mai ita yana kallo.

A ganina kare shi nake yi. Mutum yana ɗauke da cutar da ake nuna mai ita da baki, sannan a zo a ƙara masa da tambayar 'yan maye? Abin da na ɗauka ke nan, kuma ina jin daɗin kaina a kai.

Shekara ashirin da biyar yana durƙuso a kan siminti mai sanyi. Gwiwoyinsa sun yi kanta, sun kumbura, in zai miƙe sai ya dafa bango. Na san da wannan, don ni ke saya masa man zafi. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne yadda, ba zato, ya daina kukan gwiwar. Falon da a da yake kwana biyar a kai ya koma gamawa a kwana uku. Na ce Allah ya kawo sauƙi. Ya fara ramewa, na ce aiki ne. Ya zo gidana da rana tsaka, ina yi masa magana yana gyangyaɗi, gumi na tsattsafo masa alhali fanka na juyawa, na ce gajiya ce. Wata rana ya daka wa 'yarsa tsawa a kan kofin ruwa, shi da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, na ce yaran yanzu sai da haka.

Har wata mata ta same ni a shago, wadda ya yi wa aikin kicin, ta ce tayil huɗu sun ɗaga ba a yi wata biyu ba, in ka taka suna ƙara. Na wanke ta tas a gaban mutane. Na ce ta je ta binciki mai yi mata siminti, ƙanena ba ya aikin ha'inci. Ruwa ba ya tsami banza, na san karin maganar tun ina yarinya, amma ranar ban tuna da ita ba.

Sai awon jini na bara ya fito. Likita ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ɗago, tun daga nan na sha jinin jikina. Ya ce cutar ta farka, ta yi yawa a jini. Ya yi mana bayani a hankali. Maganin nan da ya riƙe Auta shekara takwas, in ana sha ana tsallakewa, cutar takan saba da shi har ya daina yi mata komai. Za a ba mu wata uku a gyara shan, a sake awo. In ta sauka, shi ke nan. In ba ta sauka ba sai a canja masa wani, kuma magungunan ba su da yawan da za a yi ta canjawa kamar riga.

Na ce ai ba ya tsallakewa, ni ce shaida, kullum sai na kira. Likita bai yi musu da ni ba. Ya rubuta 'yar takarda, ya ce mu je ɗaki na ƙarshe wajen mai ba da shawara.

Sabuwa ce, ban taɓa ganinta ba. Yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, siririya, muryarta ƙasa-ƙasa. Ɗakin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, fanka ta tsaye, kujera biyu. Na waiga ina neman ta uku. Ta gaishe ni da ladabi, har da ɗan rusunawa, sannan ta ce in ɗan jira su a waje.

Na ce mata ni ce mai tsaya masa, sunana na cikin fayil tun tana makaranta. Na ce ba abin da zai faɗa wanda ban sani ba, kuma shi magana tana yi masa wuya.

Ta ce, "Na gani, Mama, kuma an gode miki. Amma tambayoyin nasa ne. In ya ɗauki awa ɗaya kafin ya amsa, ina da awa ɗayan."

Na dubi Auta ina jiran ya ce a bar ni. Bai ɗago ba. Na fita, na ja ƙofar da ɗan ƙarfi don ta san ban ji daɗi ba.

Minti arba'in na yi a bencin nan. Da farko fushi nake, ina shirya abin da zan gaya wa dattijuwar nas game da yaran da ake ɗauka aiki yanzu. Da aka yi minti goma ba su fito ba, fushin ya fara sanyi, wani abu ya maye gurbinsa. Tambaya huɗu ce fa. A'a huɗu ba ta cin minti goma. Mai shara ta zo ta goge gabana, na ɗaga ƙafa, ta wuce, ta dawo, ƙofar na nan rufe. Na kasa kunne, ba na jin komai sai ƙarar fanka, can kuma sai muryarsa, doguwa, ba tsayawa. Ban taɓa jin Auta ya yi magana mai tsawon haka da kowa ba. Na fara tuno gumin nan, da gyangyaɗin, da matar kicin, ina ture su suna dawowa. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai, kuma ban san ko na abin da zai faɗa ba ne ko na cewa kowa zai gane ban sani ba.

Da ya fito idanunsa sun yi ja. Muka fita ƙofar asibiti. A wajen jiran mota akwai wani guntun gini, ya zauna a kai yana miƙe ƙafa, ya ce in zauna.

Ya ce shekara uku ke nan. Wani abokin aiki ne ya ba shi ƙwaya ɗaya ranar da gwiwa ta hana shi tashi, tiramadol, ya ce ya gwada. Ya sha, ya yi aikin yini bai ji komai ba. Daga nan ya fara saye a kemis, ɗaya a rana. Ɗaya ta daina yi, ya koma biyu. Yanzu sai ya sha shida, wani lokaci takwas, kuma ba don gwiwar ba, don in bai sha ba jikinsa ba nasa ba ne. Da safe yakan tashi da tashin zuciya, in ya haɗiyi maganin asibiti ya dawo da shi. Sai ya ce bari ya bari sai an jima, an jima kuma ya shiga aiki ya manta. In na kira ƙarfe takwas yakan ce ya sha, don ya san in ya ce bai sha ba zan rufe shago in taho.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa? Ba ga shi ana tambayarka ba?"

Ya ce, "Sau biyar aka tambaya, Yaya. Na farko ina kan guda ɗaya. Na so in ce mata akwai wata da nake sha don gwiwa, ko ba komai. Kika riga ni." Ya ƙara da cewa, "Bayan kin rantse mata a kaina, ta yaya zan ƙaryata ki a gabanta?"

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma da faɗa ne, da na san yadda zan yi da shi.

Wata ukun nan ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Ni a nawa haukan, so na yi in kwashe ƙwayoyin in zuba a masai a wuce wurin. Mai ba da shawara ta ce kada in kuskura, wanda jikinsa ya saba ba a yanke masa rana ɗaya, likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Aka haɗa shi da likitan, aka kuma tura shi wajen masu duba ƙashi saboda gwiwar, tunda ita ce mafarin abin. Suka ba shi wani magani da motsa jiki, suka ce ya riƙa ɗaura abin kare gwiwa in zai durƙusa. Ya ce shekara ashirin da biyar yana ganin masu ɗaurawa yana yi musu kallon ragwaye. Maganin asibiti kuma aka mayar masa da shi yamma, lokacin da cikinsa ya fi zama lafiya. Duk sati biyu yana komawa ɗaki na ƙarshe, ni ina benci.

Na dawo da shi gidana, ɗakin da muke ajiye kaya. Duk lokacin da aka rage ƙwayar sai ya yi kwana uku kamar mai mura da zazzaɓi a haɗe. Hamma, hawaye, majina, gudawa, ƙafafu na yi masa tsami har ya rasa inda zai sa su. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya tsakar gida, ya koma. 'Yarsa ta tambaye ni me ke damun Baba, na buɗe baki zan shirya mata wani labari, sai na ce ta je ta tambaye shi. Ban san me ya gaya mata ba. Na ga dai ta fito ta ɗora masa ruwan zafi.

Ni kuwa na zama 'yar sanda. In ya shiga wanka ina kallon jakarsa. Wata rana na kasa daurewa na zazzage ta: zare, ma'auni, cokalin gini, tsumma, ba komai. Ina mayarwa ya shigo. Ya karɓi zaren ya sake naɗe shi yadda yake so. Kunyar ranar har yanzu ina jin ta. A shago kuma hankalina ba ya jikina, mai sayen bokiti ɗaya in miƙa masa biyu. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. In ya yi jinkirin dawowa daga aiki da rabin awa, na riga na gan shi a raina tsaye a ƙofar kemis.

Ya zame sau ɗaya, ya sha ƙwayar fiye da yadda aka yanka masa, a sati na bakwai, ranar da ya yi aikin matakala. Ban sani ba sai bayan sati biyu, shi da kansa ya gaya mini, ya ce ya riga ya gaya wa Malama mai ba da shawara tun a lokacin. Na ji zafin cewa ita ta fara ji. Na haɗiye, don na san dalili.

Ranar da aka ɗebi jinin, saura ƙwaya ɗaya a rana ya rage masa, kuma wata biyu cur bai tsallake maganinsa ba. Ya ɗan ciko, idonsa ya washe. Na sa rai, ba zan ɓoye ba. Sati biyun jiran sakamako na yi su ina lissafin cewa Allah ba zai bar wahalar nan ta tafi a banza ba.

Likita ya ce ta sauka, amma ba ta sauka yadda ake so ba. Ya ce ƙoƙarin Auta a fili yake, ba laifin wata ukun nan ba ne. Ga alama cutar ta riga ta saba da maganin tun kafin mu farga. Za a canja.

Na nemi ganin mai ba da shawara ni kaɗai, wannan karon shi ne a benci. Na tambaye ta abin da ke cina. Da ranar farko da aka yi tambayar nan ya amsa da bakinsa, da yanzu yana kan maganinsa na da?

Ta ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka. Ta ce kuma tun farko bai kamata a yi masa tambayar da wani a ɗakin ba, wannan gyaran nasu ne, sun kuma fara shi. Na ce ba wannan na tambaya ba.

Ta ce, "Mai shan guda ɗaya ya fi sauƙin janyewa a kan mai shan takwas, Mama. Wannan kam gaskiya ne."

Na gode mata. Ta yi mini adalci, ba ta shafa mini mai a baki ba.

Muka bi layin karɓar magani. Mai bayarwa ya turo sababbin robobi ta taga, ya yi bayanin yadda ake sha, ya ce zai iya damun ciki a farko, kada a tsallake ko sau ɗaya, bayan wata shida a sake awo. Auta ya saurara har ƙarshe, ya maimaita masa da bakinsa don ya tabbatar, ya sa su a aljihun riga ya dafe da hannu.

A mota muna zaune a kujerar baya, an cika, ana ta hayaniya a kan canji. Yana kallon waje. Mun yi nisa sai ya juyo, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Yaya, in wannan ma ya ƙi fa?"

Amsoshi sun zo mini, da yawa ma. Ba zai ƙi ba. Allah na nan. Likitoci sun san aikinsu. Duk na iya faɗinsu, kuma da daɗin ji. Na dubi hannunsa a kan aljihun, fatar ta tsattsage saboda siminti.

Na ce, "Ban sani ba, Auta. Tsoro nake ji."

Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma. Aka zo inda za mu sauka, muka sauka. Saura wata huɗu yanzu a sake awon.